Bin Sawun Ƙarar Haya a Kotun Gundumar Franklin

Ɗan yayata ya nemi hayar gida mai ɗaki biyu a arewacin birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka, ta wajen titin Morse, don yana shirin ɗauko iyalinsa daga gida. Ya cike takarda, ya biya kuɗin nema, ya kai shaidar albashi, sai ga amsa ta imel cewa ba za a ba shi ba. Dalilin layi ɗaya ne: binciken da aka yi a kansa ya nuna an taɓa kai shi kotu har sau biyu don a tashe shi daga gidan haya. Ya kira ni ransa a ɓace, ya ce, "Kawu, wallahi ban taɓa taka ƙafata cikin kotu a ƙasar nan ba." Na yarda da shi, don na san yaron. Sai dai a Amurka rashin zuwanka kotu ba shi ke nuna sunanka bai je ba.

Kafin mu taɓa kotu, sai da muka fara da kamfanin da ya yi binciken. Masu gidajen haya a nan ba su da lokacin bin kotuna da kansu, kamfanoni suke biya su tattaro musu tarihin mai nema. Akwai dokar tarayya ta 1970 da ta tsara aikin irin waɗannan kamfanoni, kuma ita ta wajabta wa mai gida, idan ya ƙi ka saboda rahotonsu, ya faɗa maka sunan kamfanin da adireshinsa. Kai kuma kana da kwana 60 ka nemi kwafin rahoton kyauta. Da rahoton ya zo, shafi ne da rabi. A ƙarƙashin sunansa an jera ƙararraki biyu, kowace da shekara da sunan kotu da sunan mai ƙara. Ba a ce ga yadda suka ƙare ba. Ɗaya tana da lamba cikakkiya, ɗayar an yanke rabin lambarta.

Babu wani rumbu guda da aka tara shari'o'in Amurka a cikinsa. Ƙasar tana da gundumomi sama da 3,000, kuma yawancin shari'o'in da ke taɓa talaka, wato haya da bashi da saki da laifin tuƙi, a kotunan gunduma ko na gari ake yin su, can kuma takardunsu ke zama. Jihar Ohio kaɗai gundumomi 88 gare ta, kowace da magatakardan kotunta, wanda a kusan dukkansu jama'a ke zaɓa da ƙuri'a, kowace kuma da nata shafin intanet da nata tsarin nema. Akwai jihohin da suka haɗa nasu wuri guda, irin su Maryland da Wisconsin, inda za ka rubuta suna sau ɗaya ka leƙa jihar kusan duka. Ohio ba ta cikinsu. Mu dai namu a gundumar Franklin ne, wadda Columbus ke cikinta, mai mutum sama da miliyan 1.3, wadda ta fi kowace gunduma a jihar yawan jama'a.

Wani abokina direban babbar mota ya ce mu buɗe asusu a PACER, wani shafin duba takardun kotu a intanet, can ne ake samun komai. Ba haka ba ne. PACER na kotunan tarayya ne kawai. Ana biyan santi 10 a kowane shafi, a yafe maka idan abin da ka kashe cikin wata uku bai wuce dala 30 ba. Yana da amfani ga mai neman shari'ar karayar arziki ko laifin da gwamnatin tarayya ta shigar, amma rigimar mai gida da ɗan haya ba ta kai can. Kotun shige da fice ita ma daban take, da nata tsarin da ke aiki da lambar da hukumar shige da fice ta ba mutum.

A cikin gundumar ma kotun ba ɗaya ba ce. Akwai babba, wadda suke kira Common Pleas, mai sauraron manyan laifuka da ƙarar kuɗi masu yawa da ƙwace gidan da aka kasa biyan bashinsa, tana da ɓangaren aure da saki da na yara, da ɓangaren gado. Akwai kuma ƙarama, Municipal, mai sauraron laifin tuƙi da ƙananan laifuka da ƙarar kuɗin da bai wuce dala 15,000 ba, da ƙananan da'awowi har zuwa dala 6,000, da tashin 'yan haya. Kowace da nata magatakarda da nata shafi, ko da yake gine-ginensu a jere suke a kan titin South High. Wanda ya nemi ƙarar haya a shafin babbar kotu zai fito yana murna cewa sunansa a wanke yake, alhali ƙofar da ya ƙwanƙwasa ce ba ita ba.

Lambar ƙarar ita ke nuna maka ƙofa. A ƙaramar kotu ana fara ta da shekara, sai haruffa uku, sai lambobi shida. Haruffan su ne sirrin. CVG ƙarar tashin ɗan haya ce, CVF ta bashi da yarjejeniya, CVI ta ƙananan da'awowi, TRD laifin tuƙi na yau da kullum, TRC tuƙi cikin maye, CRB ƙaramin laifi, CRA kuma babban laifi da aka fara gabatarwa a nan kafin a miƙa shi babbar kotu. Duka biyun da ke cikin rahoton yaron CVG ne, ɗaya ta 2021 ɗaya ta 2022.

Muka zauna a falona bayan sallar isha'i muka buɗe shafin magatakardan. Ba a neman kuɗi, ba a neman ka yi rajista, ba a tambayar ko kai wane ne. Akwai gurbin lambar ƙara, akwai na suna. Mai cikakkiyar lambar nan take ta fito. Mai rabin lambar ce ta sa muka koma neman suna, a nan kuma aiki ya samu. Sunansa irin sunan nan ne da kowane gida yake da shi, na Manzon Allah sannan na mahaifinsa. Fasfo ya rubuta shi iri ɗaya, katin zama ya bi fasfo, amma ofishin haya na farko ya rubuta shi yadda kunnen ma'aikaciyar ya ji. Ga Muhammad, ga Mohammed, ga Mohamed, ga Mahamadou na 'yan uwanmu na Nijar. Sannan akwai inda aka mayar da sunan uba ya zama na farko. Ƙari a kan haka, Columbus gari ne na 'yan Somaliya, al'ummarsu a nan ita ake lissafawa ta biyu a Amurka bayan ta Minnesota, kuma sunayenmu da nasu ɗaya ne. Da muka rubuta sunan sai jeri ya zubo har shafi ya ƙi ƙarewa. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce mu rage jerin da shekara da nau'in ƙara, sannan mu bi sunan kamfanin da ya shigar da ita. Ta haka muka kama ta.

Abin da ke fitowa idan ka danna lamba shi suke kira docket. Ba hukunci ba ne, ba kuma labarin abin da ya faru ba ne. Jeri ne na duk abin da ya shiga fayil ɗin, kowanne da kwanan watansa, layi bisa layi. Kamar littafin bashin mai kanti yake: ba a goge abin da aka rubuta, in ka biya sai a ƙara layi a ƙasa a ce ka biya. Wanda ya karanta layin sama ya rufe littafi, a wurinsa har gobe kai mai bashi ne.

A saman ta 2022 akwai sunan kamfanin gidajen a matsayin mai ƙara, da sunan lauyansu, sai sunan ɗan yayata da adireshin da na san ya zauna. Wannan tasa ce, babu ja. Ya yi shiru yana kallon allon. Muka fara bin layukan. Na farko, ranar da lauya ya shigar da ƙara ya biya kuɗin kotu. Na biyu, an fitar da sammaci, an aika kwafi ta gidan waya. Na uku, ma'aikacin kotu ya je gidan bai sami kowa ba, ya liƙa a ƙofa. A dokar Ohio hakan ya isa a ce an isar da sammacin tashin haya. Na huɗu, an sa ranar zama gaban majistare. Na biyar, ana gobe zaman, mai ƙara ya shigar da takarda cewa ya janye.

Da ya ga kwanakin sai abin ya faɗo masa. A watan ne mahaifinsa ya rasu, ya tafi gida ta'aziyya, ya kuma wuce lokacin da ya ɗiba saboda rabon gado. Abokin zamansa ya biya nasa rabin, nasa kuwa ya makara. Da ya dawo ya je ofis, aka ce ya biya haya da tarar makara da wani kuɗi da aka ce na lauya ne. Ya biya, aka ce masa shi ke nan. Takardar da aka liƙa a ƙofa abokin zaman ne ya cire ya ajiye a kan firji, ya manta. Shi a tunaninsa ya biya tara ne kawai. Bai san kuɗin lauyan nan yana nufin an riga an buɗe masa fayil ba.

Akwai wani abu a ƙarar hayar Ohio da yake da sauƙin tsallakewa. Galibi mai gida buƙata biyu yake haɗawa cikin ƙara ɗaya. Ta farko a mayar masa da gidansa, ita ake saurara da gaggawa cikin 'yan makonni. Ta biyu a biya shi kuɗin da yake bi da na ɓarnar da aka yi, ita kuma ɗan haya yana da kwana 28 ya ba da amsa a rubuce. Ana iya janye ta farko ta biyu tana nan da ranta, mutum yana can yana harkarsa a yanke masa hukuncin kuɗi a bayan idonsa, sai ya ga ana cirewa daga albashinsa. Saboda haka ban tsaya a layi na biyar ba. Can ƙasa, bayan wasu watanni, akwai layin da ya ce an kori buƙata ta biyu ita ma, don mai ƙara bai bi ta ba. A nan ne hankalina ya kwanta. Ba a taɓa tashinsa ba, ba a taɓa yanke masa ko dala ɗaya ba.

Ta 2021 daban take. An yi zama, wanda ake ƙara bai zo ba, majistare ya ba mai gida gaskiya, alƙali ya sa hannu, an fitar da umarnin mayar da gida, an liƙa jar takardar nan ta gargaɗin fita da 'yan haya ke tsoro, daga baya ma'aikacin kotu ya je aka fitar da kaya. Ga kuma hukuncin kuɗi a ƙarshe. Adireshin kuwa yana yammacin gari, unguwar da yaron ya ce ko hanyarta bai sani ba. Matsalar ita ce, a ƙarar haya ba ka ganin ranar haihuwa kusa da suna. Suna ne da adireshi kawai. Kamfanin bincike ya ga suna ya yi daidai, gari ya yi daidai, ya ɗora masa.

Jeri yana gaya maka cewa takarda kaza ta shiga fayil, amma abin da muke bukata shi ne takardun su kansu, kuma masu hatimi. Hoton allon waya ba ya tsayawa gaban kowa. Don haka muka shirya zuwa lamba 375 a titin South High.

Da safe muka isa. A bakin ƙofa ana cire bel da makulli da waya a zuba a faranti, a bi ta na'urar bincike. Sashen ƙararrakin jama'a yana hawa na uku, na laifuka da tuƙi yana hawa na biyu. Muka bi layi har muka kai taga. Na riga na rubuta lambobin biyu a takarda da manyan haruffa, na kuma rubuta abin da muke so a ƙarƙashin kowace. Wannan shi ne abin da ya fi komai sauƙaƙa mana, don ma'aikaciyar ba labari take so ba, lamba take so. A ta 2022 na nemi jerin duka da takardar janyewa da umarnin korar buƙata ta biyu, duk masu hatimi. A ta 2021 na nemi takardar ƙarar da duk abin da aka maƙala mata. Ba ta tambaye ni katin shaida ba, ba ta tambayi abin da ya haɗa ni da mutumin ba. Dokokin da Kotun Ƙolin Ohio ta shimfiɗa wa kotunan jihar, na 44 zuwa na 47, sun ɗauki takardun kotu a matsayin abin da kowa ke da ikon gani, sai wanda doka ko alƙali ya rufe. Lambar tsaron zamantakewa, wato lambar shaida da gwamnatin tarayya ke ba mutum, da lambar asusun banki su ne ake ɓoyewa, kuma wanda ya shigar da takardar ne ke da alhakin cire su.

Ta buga takardun, ta danna hatimi, ta sa hannu a matsayin mataimakiyar magatakarda da kwanan wata. Abin da na biya gaba ɗaya bai kai kuɗin ajiye motar da na biya a waje ba. Na tambaye ta ko akwai yadda za a cire sunansa daga shafin tunda an janye ƙarar. Ta ce ita ba ta da izinin ba da shawarar shari'a, amma akwai cibiyar taimaka wa marasa lauya a cikin ginin, mu hau can. Na ji wasu mutanenmu suna ɗaukar irin wannan amsar a matsayin wulaƙanci. Ba shi ba ne. Magatakarda mai ajiya ne, na mai ƙara da na wanda ake ƙara duka, ranar da ya fara gaya wa ɗaya abin da zai yi ya zama lauyansa.

Muka zauna a kan benci muka buɗe fayil ɗin ɗaya mutumin. Na ji nauyin abin, don ga rayuwar bawan Allah a hannuna ban san shi ba. Ga notis ɗin kwana uku da doka ta ce sai an ba ɗan haya kafin a kai shi kotu. Ga lissafin watannin da ya kasa biya. Ga yarjejeniyar hayar, da sunansa da na matarsa, da sa hannu da ba shi da kama da na ɗan yayata ko kaɗan. A lokacin da aka ƙulla ta, namu bai ma yi aure ba, kuma yana zaune a wani gida daban da tasa yarjejeniyar da takardun wutar lantarki da sunansa. Abin da muke nema ke nan. Muka ɗauki shafin farko da shafin sa hannu, sauran na linke na sa a aljihu, da muka koma gida na yaga.

Kafin mu fita na ce masa mu leƙa inda ake zaman tashin haya, tunda ƙofa a buɗe take ga kowa. Ina so ya ga da idonsa abin da layi na huɗu yake nufi. Baranda cike take. Lauyoyin masu gidaje kowanne da tarin fayiloli a hannu, suna kiran sunaye suna jan mutane gefe ana daidaitawa a tsaye. Akwai lauyoyin taimakon marasa ƙarfi da masu sasanci a wurin. A ciki ana kiran suna, in babu amsa sai wakilin mai gida ya yi rantsuwa ya amsa 'yan tambayoyi, a wuce zuwa na gaba. A shekarar 2023 an shigar da irin wannan ƙara sama da 20,000 a gundumar nan. Da yawa suna ƙarewa kamar tasa, a biya a janye, ko a yi yarjejeniyar ranar fita. Kowace dai ta sami lambarta da layinta na farko.

Tunda mun riga mun saba da shafin, da daddare muka duba ɓangaren tuƙi, saboda lokacin neman zama ɗan ƙasa ya kusa zuwa masa, kuma fom ɗin yana tambaya ko an taɓa kama ka ko an ba ka tikiti. A nan neman ya fi sauƙi, don ana iya haɗa suna da ranar haihuwa. Muka sami TRD guda ɗaya, gudun wuce ƙa'ida, ya biya ta intanet. Da yawa daga cikinmu ba su san cewa biyan tikiti ba tare da zuwa kotu ba amsa laifi ne, kuma haka jerin zai nuna. Ya ce ai akwai wani, wanda ya samu a wata unguwa ta bayan gari. Muka nema sama da ƙasa babu. Dalili kuwa Ohio tana cikin jihohi biyu da har yanzu suke da kotun magajin gari, ɗayar ita ce Louisiana. Ƙananan garuruwan da ke kewaye da Columbus, irin su Whitehall da Gahanna da Reynoldsburg, suna sauraron ƙananan laifukan tuƙi a nasu ofisoshin, kuma takardun suna nan wurinsu, sai fa in an mayar da maganar kotun gunduma. Can muka buga waya aka nemo masa. Hukumar shige da fice ba ta neman takarda a kan tikitin da tararsa ba ta kai dala 500 ba, matuƙar babu maye ko kamu a ciki, amma samun kwanan wata daidai ya fi a rubuta na ka. Sai kuma a kula da iyaka: Reynoldsburg kanta ta ratsa gundumomi uku, Franklin da Licking da Fairfield, don haka gefen titin da ɗan sanda ya tsayar da kai yana iya kai maganarka wata kotun a wani garin.

Ina da magana a kan wannan buɗaɗɗen tsari, kuma ba duka yabo ba ce. Mu mun taso inda rufin asiri yake cikin manyan abubuwan da mutum ke roƙon Allah. A gida jerin shari'o'in ranar ake liƙawa a allon kotu, wanda ya zo ya gani, kwafi mai hatimi kuwa sai ka rubuta takardar nema ka kai wa rajistara. Wahalar da ke cikin hakan tana rufa wa mutane asiri ko da ba don haka aka yi ta ba. A nan kuwa, kana kwance a kan gado za ka iya sanin wa aka kai ƙara kan bashin kati, wa matarsa ta nemi saki, wa aka kama da maye, cikin mutanen da kuke haɗa sahu ranar Juma'a. Na san iyayen da ke duba sunan mai neman auren 'yarsu, ban kuma ga laifinsu ba. Na kuma san wanda ke dubawa don ya sami abin faɗa a majalisa, shi kuwa ba shi da maraba da mai leƙen katanga. Duk da haka, da ba a buɗe yake ba, da ɗan yayata ba shi da abin da zai ƙaryata kamfani da shi sai rantsuwa. Illar da ta same shi ba daga buɗewar ta zo ba, daga masu kwashe layin farko su sayar ta zo.

Muka rubuta wa kamfanin binciken wasiƙa gajera. Sakin layi na farko ya ce ƙarar 2021 ba tasa ba ce, ga yarjejeniyar wancan mutumin, ga tasa ta daidai lokacin, ga lasisin tuƙinsa. Na biyu ya ce ta 2022 tasa ce amma an janye ta, ga hatimin kotu. Muka aika ta wasiƙar da ake sa hannu in an karɓa, muka riƙe kwafin komai, ba mu aika asalin mai hatimin ba. Doka ta ba su kwana 30 su bincika. Amsarsu ta zo cikin wa'adi: sun cire ta 2021, sun ƙara a kan ta 2022 cewa an kore ta. Ba su cire ta ba, don dokar ta yarda a ba da rahoton ƙarar da ba ta laifi ba har shekara bakwai, ko da wanda aka kai ƙarar ne ya yi nasara. Gidan da ya nema an daɗe da ba wani. Wani gidan da ya nema bayan nan, da kansa ya miƙa wa manajar kwafin takardar janyewar tare da fom, kafin ta yi nata binciken. Aka ba shi.

Saura ita kanta ƙarar da ke kan shafin kotu. A cibiyar taimakon aka nuna masa yadda ake roƙon alƙali ya taƙaita ganin fayil ɗin. Doka ta 45 cikin dokokin nan na Kotun Ƙolin Ohio ta ba da wannan damar, amma ba kyauta take ba: sai alƙali ya gamsu da hujja bayyananna cewa akwai maslahar da ta rinjayi haƙƙin jama'a na gani. Ya rubuta abin da ya faru a taƙaice, ya maƙala wasiƙar ƙin ba shi gida a matsayin shaidar cutarwar da ta same shi, ya aika wa lauyan tsohon mai gidan kwafi kamar yadda ake bukata. Ba su yi jayayya ba, alƙali ya amince. Yanzu in ka rubuta lambar ba ta fitowa.

Umarnin alƙali kotu kawai ya ɗaure kai tsaye. Kamfanonin da suka riga suka kwafi jerin tun 2022 suna nan da nasu ajiyar, kuma ba ɗaya ba ne. Hukumar tarayya mai kare masu mu'amala da cibiyoyin kuɗi tana fitar da jerin sunayen irin waɗannan kamfanoni, har da masu binciken 'yan haya, da yadda ake neman rahoto daga kowanne, yawancinsu kyauta sau ɗaya a shekara. Ya buga jerin, yana bin su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya ga ƙarar a rahotonsa sai ya aika masa kwafin umarnin.